Kafin a haƙa wa barewa rijiya a Tarmit

Duk shekara idan bazara ta tsaya, wata shawara takan dawo bakin masu son namun daji da masu neman lada a nan Damagaram: a tara kuɗi, ko a nemo proje, a je can arewacin garin Tasker a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a ɗora masa faifan hasken rana, a gina kwami, barewa da sauran dabbobin dawa su samu abin sha. Galibi abin da ke tayar da zancen bidiyo ne da ake turawa a WhatsApp, na mutumin nan ɗan Kenya, Patrick Kilonzo Mwalua, wanda lokacin da fari ya afka wa ƙasarsu a 2016 ya riƙa cika tankar mota da ruwa yana kai wa giwaye da ɓauna da jakunan dawa a gandun Tsavo. Duk wanda ya ga yadda dabbobin ke rugowa da sun ji ƙugin motar, sai jikinsa ya yi sanyi. Ga kuma hadisin da kowane ɗan makarantar allo ya sani, na mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. To wa zai buɗe baki ya ce kada a shayar da dabba?

Ni zan ce, amma a kan wuri guda. A cikin hamadar Tarmit da Tin Tumma, sabon foraj ba agaji ba ne ga dabbobin da ake son ceta. Shi ne hanya mafi sauri ta ƙarasa ƴan waɗanda suka rage. Akwai inda namun daji ke bukatar a taimaka musu da ruwa a jiharmu, amma ba can ba ne, kuma ba da irin wannan aikin ba.

A fara da sanin su wa ake magana a kansu. Gandun Tarmit da Tin Tumma, wanda gwamnati ta kafa a watan Maris na 2012, ya kai kusan murabba'in kilomita 97,000 lokacin da aka shata shi, ya ratsa jihohin Damagaram da Difa da Agadas. Ruwan saman da ke sauka can bai cika kai milimita 100 a shekara ba, wata shekarar ma wani gefen ko ɗigo. Duk da haka a nan ne warwaji ya yi saura, farin naman hamadar nan mai murɗaɗɗun ƙaho, bayan ya ƙare a kusan duk faɗin Sahara. A nan ake samun mena, wata babbar barewa wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta ƙasa ke amsa sunanta, alhali waɗanda suka rage a daji duk duniya ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Ga ragon dutse, ga barewa, ga tuje, ga yanyawa da rabbi da kunkuru. Waɗannan ba ɓatan hanya ne ya jefa su hamada ba. Can Allah ya ajiye su, kuma ya ba su kayan zama can.

Warwaji yana yin watanni da yawa bai kai baki ga ruwa ba. Kiwonsa da dare ne da sassafe, lokacin da ciyawa ta sha raɓa, da rana kuwa ya tona gurbi a inuwar tudu ko gindin wani kurmi ya kwanta. Fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe, gashinsa yakan koma fari da bazara ya rage masa dukan rana. Kofatonsa mai faɗi ne, ba ya nutsewa a rairayi, shi ya sa yake iya bin hadari tafiyar kwanaki har inda aka yi yayyafi ciyawa ta tsiro. Gunar daji mai ɗacin nan da mutum ba ya iya kaiwa baki, a cikinta yake samun ruwa. Barewa da mena su ma haka: ganyen kandili da aduwa da jiga sun riƙe su. In sun tarar da ruwa kwance bayan damina za su sha, amma ba sa mutuwa don babu shi.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne, ba ƙishirwa ce ta ƙarar da namun dajin ƙasar nan ba. Mariri, wani naman hamada mai dogayen ƙaho masu lanƙwasa, ya ga fari iri-iri tun kafin a kafa birnin Damagaram, ya wuce su. Kakanninmu sun san fatarsa, da ita ake garkuwa. Amma cikin ƴan shekarun da bindigar zamani da mota da rijiyar siminti suka shiga dajin, sai aka neme shi aka rasa, har a 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya. Jiminar da ke duwatsun Ayar harsashi ne ya cinye ta a shekarun tawaye na 1990. Likitan da aka kawo wa mai karaya ya ba shi maganin zazzaɓi bai taimake shi ba, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Wanda ya taɓa kwana a bakin rijiyar makiyaya a ƙasar Tanut ko Gure cikin watan Mayu ya san abin da ruwa ke yi wa daji. Tun kafin assalatu an ɗaura wa raƙumi ko takarkari igiya, yaro na kora shi, yana tafiya daidai zurfin rijiyar, wasaki ya fito a juye a kwami, a juyo da shi a sake. Garke na sha, wani garken na tsaye yana jira, wani can nesa yana tahowa da ƙurarsa. Ƙasar wurin ta zama gari saboda kofato. Ka doshi kowace kusurwa ka yi tafiyar awa guda, ba ka ganin komai sai kashin dabbobi da tumfafiya da itatuwan da aka sassare wa rassa don awaki. Sai ka yi nisa sosai kafin ka fara ganin karangiya da sauran busasshiyar ciyawa tsaye. Wannan kuwa rijiyar gargajiya ce, wadda ke da linzami biyu. Na farko ƙarfin igiya da na mai ja: ruwan da ke fitowa a yini yana da iyaka, saboda haka dabbobin da za su zauna ma suna da iyaka. Na biyu mai rijiya. Baƙo ba ya saukar da guga sai ya yi sallama ya nemi izini, a ce masa ka sha kwana biyu ko uku ka wuce. Ba rowa ba ce. Da wannan iznin ne mutanen wurin ke auna ciyawar da za ta kai su faɗuwar damina.

Foraj ba shi da ko ɗaya daga cikin linzaman nan. Injin ba ya gajiya, kuma da an ce na gwamnati ne ko na proje, ya zama na kowa. Mun riga mun gwada, ba labarin wata ƙasa ba ne. A shekarun 1960 an kakkafa manyan tashoshin famfo a yankin makiyaya da kyakkyawar niyya, garkuna suka yi ta kwarara daga ko'ina. Da farin 1973 da 1974 ya zo, shanu da yawa a kusa da waɗannan tashoshin suka faɗi, ruwa ga shi a kwami amma babu abin ci sai an yi tafiyar da ƙafarsu ba za ta iya ba. Darasin nan ne ya sa dokar kiwo ta 2010 ta sa tazara tsakanin mashaya da mashaya: kilomita 15 ga rijiyar gargajiya, 20 ga ta siminti, 30 ga foraj. Masu dokar sun gane cewa wanda ya haƙa rijiya, ya raba ciyawa ne ba ruwa kawai ba.

Ga inda maganar ta shafi barewa. Saniya da bazara ba ta wuce kwana biyu, in an matsa uku, ba ta sha ba. Tumaki da awaki ma ba sa nisa. Raƙumi da sanyi yakan yi makonni a cikin hamada, amma da zafi ya tsananta shi ma sai ya dawo kusa da rijiya. Saboda haka akwai wani fili, can inda ƙafar dabbar gida ba ta kaiwa a watannin wahala, wanda ciyawarsa da inuwar itatuwansa ke zama na namun daji su kaɗai, daidai lokacin da suka fi bukata. Wannan filin shi ne gandun na gaskiya. Layin da aka ja a taswira a Yamai bai taɓa hana akuya wucewa ba, rashin ruwa ne ke hana ta. Ranar da aka huda foraj a tsakiyar filin, ko da an kafa allo an rubuta cewa na namun daji ne, kafin wata ya zagayo labari ya kai kowace ruga da kowane zango. Kuma wane jami'in gandun daji ne zai tsaya gaban mutum da iyalinsa da raƙumansa masu ƙishi ya ce ruwan nan na barewa ne? Ni dai ba zan so a sa ɗan'uwana wannan aikin ba, kuma addini da al'ada duk ba za su goyi bayansa ba.

Maharbi ma yana jin daɗin mashaya fiye da kowa. Naman da ba shi da wurin sha sai an bi sawunsa kwana da kwanaki, a ƙona man motar kat-kat, a yi ta lissafin ruwan da ya rage a bidon. Ka saba masa da kwami guda, ka ba maharbi adireshi da lokaci. Shi kansa ya samu inda zai cika bidon ɗinsa ya ƙara kutsawa ciki. Dila ma, wadda ba ta iya zama nesa da ruwa kamar yanyawa, takan yawaita inda aka samu mashaya ta dindindin, ga karnukan makiyaya, kuma ƴaƴan barewa ne abincinsu. Sai kuma cuta: kwamin da akuya da barewa ke tsoma baki tare hanya ce ga annobar ƙananan dabbobi, wadda aka san tana kashe barewa. Akuya ana yi mata rigakafi. Barewa wa zai kamo ta?

Waɗanda suka fi mu kuɗi da ma'aikata sun bi wannan hanyar sun dawo. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu an yi shekaru ana haƙa rijiyoyin burtsatse, har suka haura 300, da tunanin cewa yawan ruwa yawan dabbobi ne. A filayen arewacin gandun akwai gwanki, wanda ke zaune lafiya saboda wurin ya yi wa sauran dabbobi nisa da ruwa. Da ruwa ya zo, jakunan dawa da wasu masu yawan sha suka shigo suka aske doguwar ciyawar da gwanki ke ɓoye ƴaƴansa a ciki, zakoki kuma suka biyo bayansu. Daga kusan 450 a 1986, gwankayen suka koma kusan 45 a 1993. Hukumar gandun da kanta ta fara toshe rijiyoyin, kuma daga baya ta rufe mafi yawansu. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Labarin gandun Hwange a Zimbabwe wani salon ne. Tun shekarun 1930 aka fara ja wa dabbobi ruwa da famfo a wurin da ba shi da kogi mai ɗorewa. Giwayen da da can ke ƙaura da rani suka zauna, suka hayayyafa har kusan 45,000, suka fi ƙarfin itatuwan wurin. Yanzu ba dama a kashe famfo, ba dama kuma famfon ya ishe su: a ƙarshen 2023, da damina ta yi jinkiri, giwaye aƙalla 100 suka mutu, alhali akwai rijiyoyi sama da 100 masu aiki da hasken rana. Wanda ya fara shayar da daji ya ɗauki alkawarin da jikokinsa za su gada.

A nan ne nake ganin mu ƴan Damagaram ya kamata mu fi kowa saurin ganewa. Garinmu kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa tun zamanin Nasara ake jawo shi daga Gogo da Machaya, daga baya aka ƙara da Arunguza, aka ƙara da Ganaram. Duk da haka wa bai san jerin bidon masu ruwan ɗorawa a bakin famfo da tsakar dare ba, a unguwar Garin Malam ko Kara-Kara, mata na gyangyaɗi a kansu, ƴan ga-ruwa na tura kura suna haki? Wasu kan kafa hujja da wannan su ce a gama da mutane tukuna kafin a yi zancen dabba. Ban bi su har can ba, don ranar da za a ce an gama da matsalar mutane ba za ta zo ba, kuma kafin nan warwaji ya zama labari. Abin da na ɗauka daga jerin bidon ɗin daban ne. Idan a cikin birni, inda akwai injiniyoyi da kwalta da shagon kayan gyara, famfo na yin kwanaki shiru, wa zai je ɗaruruwan kilomita cikin rairayi ya share ƙurar faifan hasken rana, ya sauya famfon da yashi ya ci, ya maye gurbin wayar da aka sace? Proje shekara uku ne ko biyar, sai a yi biki a miƙa makulli a tafi. Kuma famfo bai cika mutuwa da sanyi ba, sai a watan Afrilu ko Mayu da ake matsa masa. Tsuntsaye da dabbobin da aka saba wa wurin, da makiyayin da ya dogara da shi ya kutsa da garkensa, a lokacin ne za su gane an yaudare su.

Mu kuma dubi abin da ya faru da warwaji a ƴan shekarun nan, don lissafin a fili yake. A 2008 aka ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin haƙar man Agadem, a ƙarshen 2011 matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut ta fara aiki. Manyan motoci da sansanoni da hanyoyi suka shiga rairayin Tin Tumma. A 2011 ɗin kuma Libiya ta rushe, makamai da motocin kat-kat suka bazu a hamada. Ƙidayar da aka yi a 2010 ta kiyasta warwaji kusan 200 a yankin. A watan Maris na 2016 aka sake zagayawa, ta sama da ta ƙasa, uku kawai aka gani. Ƙungiyar IUCN mai kula da halittu ta duniya ta ɗora laifin a kan hayaniyar aikin mai da farautar da masu gadinsa ke yi, ba ta ambaci ƙishi ba. A 2019 kuma gwamnati ta sake shata iyakar gandun ta cire ɓangaren da ya haɗu da filayen mai. Ba ina cewa a rufe rijiyoyin mai ba, ƙasa na bukatar kuɗinsa, mu ma a nan da shi muke tuƙa babur. Ina cewa ne duk sefar da aka samu da sunan namun dajin Tarmit, wurinta man motar sintiri ne, da albashin jami'an gandun daji, da waya mai kama tauraron ɗan'adam, da alawus na ƴaƴan makiyayan da ke kawo labarin baƙuwar mota. Dokar farauta ta 1998 ta riga ta hana taɓa warwaji da mena. Mai tsaron dokar ne babu isasshe.

Kada wani ya ɗauka ina so a bar mutanen Tasker da ƙishi don a faranta wa Turawa masu son hoto. Tubawa da Larabawa da Buzaye da Fulanin da ke kiwo a can sun riga gandun zuwa, kuma ba a kafa shi don a kore su ba. Suna da haƙƙin rijiya kamar yadda nake da haƙƙin famfo. Abin da nake ƙi shi ne rufa-rufa ta kowane ɓangare: a haƙa wa mutane rijiya a laƙaba mata sunan barewa don a samu kuɗin masu kare muhalli, ko a haƙa da sunan barewa a yi kamar ba a san garke zai zo ba. In rijiyar mutane ce, a kira ta da sunanta, a zauna da hakimai da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya da kwamitin filaye, a gyara tsoffin da suka rufta kafin a huda sabuwa, a bar ta hannun masu wurin yadda linzamin izini zai ci gaba da aiki, kuma a ajiye ta a gefe, ba a tsakiyar inda mena ke haihuwa ba. Keɓe wani fili a ce nan ba a shiga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza. Malamanmu sun san babin, sai dai ba mu cika jin sa a wa'azi ba.

To ina ne ruwan ke da amfani? A kudanci da kuma tsakiyar jiha, inda dabbobin masu sha ne kuma mu muka tare musu hanya. Tabkin Gidimuni da na Lasuri suna cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu a duniya. Dinya da kirinjijiya da zalɓe da gauraka na sauka a irin waɗannan tabkuna, ga tsuntsayen da ke ƙetare Sahara daga Turai suna hutawa da sanyi. Tabkunan nan da ƙananan da ke kwarin Korama da kwarurrukan Gure yashi na cike su, kacalla na shaƙe wasu, lambuna kuma sun zagaye da yawa da shingen ƙaya har babu mashigi, ba ga zomo ba, ba ga saniyar Bafulatani ba. Yashe tabki, kafe tudun rairayin da ke gangarowa cikinsa da shinge da dashe, da barin mashigi ko da guda a buɗe, aiki ne da ba ya jan kowa zuwa inda ba ya zuwa da can, ba ya da injin da zai mutu, kuma mai lambu da makiyayi da masunci da tsuntsu duk sun ci moriyarsa. Alhajin da ke neman sadaka mai gudana, ga ta nan kusa da gida, har yana iya zuwa da ƙafarsa ya ga abin da kuɗinsa ya yi.

Akwai ƙaramin abu kuma da ba ya bukatar proje. A kowace rijiya, da garke ya watse, sai ka ga kurciyoyi da ƙudan zuma sun yi dandazo a kan laimar da ta zube, da safe kuma ka ga sawun dila da bushiya a taɓon. Kwamin siminti mai zurfi da santsi tarko ne gare su: tsuntsu ya miƙa wuya ya zame, a wayi gari gawarsa ta ɓata ruwan. A jingina dutse ko reshe a cikin kwamin yadda abin da ya faɗa zai hau ya fito, a bar ɗan ruwa a kasko a ƙasa in an gama shayarwa. Tsofaffin masu rijiya da yawa suna yi tun ba yau ba, ba tare da wani ya koya musu ba, kuma wannan ya fi kusa da hadisin mai huffi fiye da foraj na miliyoyi.

A yammacin Amurka tun shekarun 1940 suke da wata dabara: rufin kwano a ƙasa-ƙasa yana tara ruwan sama ya zuba a tankin da aka binne, a bar ƴar ƙofa da tsuntsu ko ƙaramar dabba za ta sha. Ruwan kaɗan ne, ba ya shayar da garke, saboda haka ba ya kiran garke. A duwatsun Kutus, inda ake samun damina gwargwado kuma akwai zabin daji da fakara, ana iya gwada biyu ko uku a sa musu ido, a ga wa ke zuwa sha. Gwaji nake cewa, don su kansu Amurkawan har yau suna gardama a kan ko tana ƙara yawan dabbobi ko tana tara su ne wuri guda kawai.

Sai inda aka killace dabba ko aka dawo da ita. Jiminun da ake kiwo a Kelle cikin ƙasar Gure don a mayar da su daji, tilas a ba su ruwa, tunda mu muka sa su a shinge. Haka aka yi wa raƙuman dawa takwas da aka ɗauko daga Kure zuwa Gadabeji a 2018 kafin a sake su, haka aka yi wa maririn da Chadi ta fara dawo da shi a 2016, wanda ya hayayyafa har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Ruwan irin wannan wurin yana da mai gadi, yana da ranar farawa, kuma burinsa a kai ranar da dabbar ba ta bukatarsa.

Abin da ya fi damuna ma ba foraj ɗin da masu niyyar alheri ke mafarkin haƙawa ba ne, waɗanda aka riga aka haƙa ne. Haƙar mai da shimfiɗa bututu da yin hanya ba sa yiwuwa sai da ruwa, kowane sansani da rijiyarsa, kuma sansani yakan tashi ya bar rijiyar. Yanzu da bututun da ke kai mai gaɓar teku a Benin ya fara aiki a 2024, aikin a wannan yankin ƙaruwa zai yi. Ya kamata ma'aikatar ruwa ta jiha da hukumar gandun su fitar da taswirar duk rijiyar da aka huda a ciki da kewayen Tarmit da Tin Tumma tun 2008, a kai ta Tasker a baje gaban hakimai da makiyaya, a bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan a damƙa wa mutanen wuri kaza, wannan a rage mata ƙarfi, wannan a zuba mata siminti a toshe. Kuma a rubuta a cikin kowace sabuwar yarjejeniyar haƙa cewa kuɗin toshewar yana wuyan wanda ya huda.